Inna Mai Kwarashi ta Ɗakin Bakwaini

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, Inna Mai Kwarashi ta riga ta iso. Jakarta ɗaya ce, ta yadi, madaurinta ya sha faci har an manta asalin launinsa. Takan buɗe ɗakin kayan shimfiɗa, wani ɗan matsattsen ɗaki da ke tsakanin wurin wanki da ɗakin jarirai bakwaini, ta ɗage taga, ta goge keken ɗinki, ta ɗiga masa mai. Daga nan sai ta zauna gaban tulin zanen gado da rigunan matashi da suka yage, ta fara taka keke. Aikin da aka ɗauke ta ta yi ke nan, kuma shi ta yi shekara talatin da 'yan kai: faci, kalmasa bakin labule, mayar da maɓallin rigar tiyata. A makon jiya ta yi ritaya. Ido ya yi rauni, amosanin gaɓɓai kuma ya kama yatsun har ba sa rufuwa yadda take so.

To, ba don facin zanen gado muke yi mata jinjina ba, ko da yake shi ma ba ƙaramin aiki ba ne. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin bakwaini, bayan ya wanke hannu ya saka rigar da ake ba masu shiga, ya san abin da ido ke fara gani. Kowace taga da labulenta na saƙar raga, na farin zaren auduga, gida-gida masu kusurwa huɗu, wani a buɗe wani a cike. In ka matso kusa ba ka ganin komai sai 'yan ramuka. Ka ɗan ja da baya, sai ga agwagwa da 'ya'yanta a jere, ga zomo da kunne ɗaya a karye, ga dokin katako mai lilo, ga ɗan rago ya durƙusa. A kan kowace kwalba, wato akwatin gilashin nan da ake sa jaririn da bai isa haihuwa ba, akwai mayafin raga da ke rage masa haske, amma nas tana iya leƙen ƙirjinsa ta cikin ramukan ba sai ta yaye ba. Ga kuma 'yan ƙyallayen shimfiɗa da ɗinkin gicciye a bakinsu, zare ya hau kan zare kamar alamar da malami ke sa wa amsar da ba daidai ba, ɗaya bayan ɗaya har su zama kwalekwale ko tsuntsu. Babu wanda ya sa ta. Da lokacin hutunta ta yi su, da wanda take jiran mota, da ranakun da ba ta aiki.

Zanen na tsofaffi ne. Wata dattijuwa da ta riga ta zama a ɗakin kayan shimfiɗa ce ta koya mata, ita ma a hannun wasu ta samu, kuma Inna ba ta taɓa sauya ko wutsiyar zomon ba. 'Yan matan nas sukan tsokane ta.

"Inna, wannan agwagwar tun zamanin kakanninmu! Yaran yanzu katun na talabijin suke so."

"Wanda bai kai nauyin kwalin sukari ba, wane katun ya sani?" in ji ta, ba tare da ta ɗago kai ba. "Ke dai je ki wanke hannunki."

Tana da dokoki, kuma ba ta sassauta wa kowa. Ulu ba ya shiga ɗakin nan, don gashinsa na tashi ya shiga hanci. Rami ba ya kai girman da ɗan yatsa zai maƙale. Ƙulli kuwa haram ne a wurinta, domin fatar bakwaini ba ta jure ko tsinken ƙulli ɗaya. Sai dai ta cusa bakin zaren ta ƙarƙashin 'yan'uwansa har ya ɓace. In ta ba ka ƙyalle ka juya bayansa, wallahi sai ka rasa ina ne gaban. Kuma komai sai an tafasa shi kafin ya tsallake ƙofar.

Ke ce, Inna, mai hannun sanyi. Ke ce kika mayar da ɗakin da babu abin da ake ji a ciki sai ƙarar na'ura ya zama ɗakin da uwa za ta iya kira ɗakin ɗanta. Iyaye da yawa sun shaida haka, har da wani direban babbar mota da ya ce ranar da ya fara shiga, bai iya kallon 'yarsa ba sai da ya fara kallon dokin da ke kan kwalbarta. Amma akwai abin da mutane ba su sani ba. Shekaru da yawa Inna tana ɗauke da wani nauyi a zuciya, tana ganin ta cuci wata baiwar Allah da hannunta, cutar da ba ta da gyara. Sista Babba, shugabar nas ɗin ɗakin, ita kaɗai ta san zancen tun farko, kuma da izininta da na Inna muke faɗa.

Matar ta zo ne da cikin da bai kai ba, aka ciro yaro namiji, aka sa shi a kwalbar da ke can lungu kusa da taga. Nas suka laƙaba masa Ɗan Lungu, ita kuma Maman Ɗan Lungu. Ba ta amsa sunan. Wannan ce haihuwarta ta uku, kuma biyun farko ba su zo da rai ba. Sau biyu mijinta, wani mai walda mara yawan magana, yana shafa wa ɗan ƙaramin ɗakinsu fenti ya haɗa gadon jariri da hannunsa, sau biyu tana tattara kayan ta rabar. A wannan karon ko safa ba ta saya ba. Da aka sallame ta daga gadon masu haihuwa, sai ta dawo kan bencin baranda ta zauna. Takan tatse nono a kofi ta miƙa wa nas daga bakin ƙofa, ta koma benci, ta zuba wa bango ido. Ɗakin kuwa ta ƙi shiga.

Likita ya yi magana, Sista Babba ta yi magana. Suka ce yaron yana buƙatar ɗumin jikinta, a ɗora mata shi a ƙirji, ya ji bugun zuciyarta. Ta saurare su tsaf, ta ce ta gode, ba ta motsa ba. Sista Babba ta shigo ɗakin kayan shimfiɗa ranta a ɓace, ta faɗa kan kujera.

"Inna, matar nan ta fi ƙarfina. Dutse ce."

"Ba dutse ba ce," in ji Inna. "Tsoro ne. Kin ga yadda take matse hannuwa tsakanin gwiwoyi?"

Inna ta daɗe da sanin irinsu. Shekaru tana wucewa ta barandar da tulin zanen gado a hannu, ta lura masu kuka da ihu ba su ne abin damuwa ba, gobe za ka gan su a gaban kwalba. Masu shirun nan da ke zaune a waje su ne ke tsaya mata a rai. Da rana ta yi, sai ta ɗauki zoben katakon da take ɗame ƙyalle a ciki, ta je ta zauna a ɗaya gefen bencin.

"Sannu, 'yata. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ina yi wa mutumin lungu ɗan abin shimfiɗa ne."

Matar ta juyo da sauri, idonta ya kaɗa. "Inna, don girman Allah kada ki yi masa komai. Na gaji da rabon kayan jarirai."

Maganar ta soki Inna, amma ba ta tashi ba. Ta ce to, ta ji, sai ta bar wa wani. Ta ci gaba da ɗinki shiru har lokacin hutunta ya ƙare. Kashegari ta dawo, jibi ma ta dawo. Ba ta sake ambaton yaron ba. Wata rana zare ya ƙare mata, ta ɗaga allura sama tana lalube, tana lumshe ido ɗaya, zaren yana ta kauce wa kafar. Wannan kam ba dabara ba ce, idon ya riga ya fara tafiya tun lokacin. Matar ta kalla, ta kalla, haƙurinta ya ƙare.

"Kawo, Inna."

Ta zura a take. Inna ta yi godiya, ta ce tun da hannun yana da kyau haka, ta ɗan riƙe mata zoben ta miƙe baya. Kafin mako ya zagayo, matar ta iya gicciye: ka fito ta wannan kusurwa, ka shiga ta waccan, ka dawo ka haye. Hannun da take matsewa tsakanin gwiwoyi ya samu abin yi. Ta fara cike jikin agwagwa da rawayan zare, kuma in ta yi kuskure Inna ba ta raga mata, sai ta ce, "Warware. Kin sa wa agwagwata ƙusumbi." Rannan ne aka fara jin ɗan sautin dariyar matar, gajere, kamar ta yi shi ne bisa kuskure.

Sai Inna ta fara ƙorafin haske. Ta ce barandar nan duhu gare ta, za ta ƙarasa makantar da ita, kuma duk asibitin babu tagar da ta kai ta ɗakin bakwaini haske. Ta tattara kaya ta shige, ta bar matar da rabin agwagwa a cinya, ba wanda zai nuna mata yadda ake baki da ido. Matar ta yi zaman yini guda ita kaɗai. Kashegari ta wanke hannu, ta saka riga, ta shiga kanta a sunkuye. Ta jawo kujera ta zauna a bakin taga, ta ba kwalbar baya. Tsakanin bayanta da ɗanta bai fi tsawon hannu ba, amma ko waiwaye ba ta yi.

A nan ne Inna ta fito da dabarar da duk nas ɗin ɗakin suka san ta da ita. Tef ɗin awonta ba ya zama. An saya mata ya fi a ƙirga, kullum in an tambaya sai ta ce ɓera ya ja, ko an haɗa da wanki. Ƙarya ce, kuma Allah Ya san irinta. Tef yana nan a naɗe cikin aljihunta. Ba ta auna jariri da shi ne kawai, sai da hannun uwarsa. Ta laluba jaka, ta yi tsaki, ta ce:

"Kash, tef ɗin nan ya sake ɓata. 'Yata, ƙyallen nan ban san inda zan yanke ba. Ɗan auna mini mutumin da taƙin hannunki, daga kai zuwa ƙafa."

Allura ta tsaya a hannun matar. Da ta buɗe baki, muryarta a ƙasa take.

"Inna, kin ɗauka ban gane ba? Tun daga zancen haske na gane."

"Na san kin gane."

"To me ya sa kike yi mini haka? Likita ya ce miki zai rayu?"

"Bai ce ba. Ni ma ba zan ce miki ba. Mai facin zanen gado ce ni, ban san gaibu ba."

"In na taɓa shi, na saba da shi, ya tafi fa? Inna, ba zan iya ba. Wallahi wannan karon ba zan tashi ba."

Inna ta ajiye kwarashi a cinya. Ta ce daga baya, ita kanta ba ta san daga ina maganar ta fito mata ba.

"In kuma ya tafi ba ki taɓa shi ba fa? Yaron nan tun da ya zo duniya hannun baƙi kawai ya sani, kuma duk da safar roba."

Sista Babba tana tsaye a gefe, ta yi kamar tana duba wata na'ura, ta ce numfashi ma ta kasa yi. Matar ta tashi a hankali, ta sake wanke hannu har gwiwar hannu, ta daɗe tana wankewa. Aka buɗe mata 'yar ƙofar gefen kwalba. Ta zura hannu, ta buɗe yatsu a saman kansa ba ta taɓa ba, ta sauko, ta sauko. Taƙi biyu bai cika ba. Da tafin hannunta ya iso ƙafa, sai yaron ya miƙe ta hagu ya shure ta. Ta yi wata 'yar ƙara, ta dafe baki da ɗaya hannun.

"Shi ne," ta ce. "Haka yake yi mini a ciki. Nan, ƙarƙashin haƙarƙari. Inna, shi ne."

Ta durƙusa a wurin, hannunta yana cikin kwalba, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar haihuwa. Inna ma ta yi, Sista Babba ma ta juya ta fuskanci bango. Tun daga ranar ba a sake ganin matar a benci ba. Aka riƙa ɗora mata shi a ƙirji, a lulluɓe su da ƙyallen agwagwar da ta ɗinka da hannunta. Ta fara amsa sunan Maman Ɗan Lungu, har tana faɗa da nas in sun yi jinkirin canza masa shimfiɗa. Mijin ya zo shi ma, da hannuwansa masu tabon wuta, aka ɗora masa, ya zauna ƙiƙam yana tsoron motsi. Inna ta soma saƙa musu labulen raga mai dokin lilo, don tagar ɗan ƙaramin ɗakin nan na gida.

Yaron ya yi makonni yana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Sai zazzaɓi ya shige shi. Likitoci sun yi iya yinsu, kowa ya shaida. Wata rana da la'asar, yana kwance a ƙirjin uwarsa, ya cika.

Inna ta je yi mata ta'aziyya a bakin ƙofa, lokacin da suke shirin tafiya. Ta buɗe baki ke nan, matar ta ɗago ta dube ta da wani irin ido, ta ce:

"Ke kika ja mini. Ina zamana."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Mijin ya kama hannunta suka fita. Inna ta koma ɗakin kayan shimfiɗa ta rufe ƙofa, ta zauna gaban keke ba ta taka ba. Ta warware labulen dokin gaba ɗaya, ta naɗe zaren. Watanni ba ta ɗauki kwarashi ba. In ta ga wata mai jego zaune shiru a baranda, sai ta sunkuyar da kai ta wuce da sauri. Sista Babba ce ta gaji ta tare ta.

"Inna, akwai yarinya a benci tun shekaranjiya. Kin gan ta, na san kin gan ta."

"Ki bar ni, Sista. Wa ya aike ni? Matar nan ta gina wa kanta katanga don ta tsira, na zo na rushe, na bar ta a fili."

"To yaron fa? Shi ba mutum ba ne?"

Bayan kwana biyu aka ga Inna ta ɗauki zoben katako ta nufi benci. Ta ci gaba da yi har ranar da ta ajiye aiki, kuma uwaye masu yawa sun shiga ɗakin ta hannunta, mafi yawansu sun fita da 'ya'yansu a goye. Sai dai ta ce tun daga lokacin, duk sa'ad da ta ce wa wata tef ya ɓata, sai ta tuna idon matar nan. Ba ta taɓa sanin ko daidai ta yi ba. Ta sha roƙon Allah, in zalunci ne, Ya yafe mata.

Ranar ritayarta aka jera kujeru a baranda, aka kawo lemo da biskit. Likita ya yi jawabi, 'yan matan nas suka ba ta sabon tef a naɗe cikin takardar kyauta, aka yi ta dariya. Iyaye sun zo da yaran da aka taɓa rufewa da ragarta, wasu har sun fi ta tsawo. Ana cikin haka wata mata ta taso daga kujerar baya. Ta yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Sista Babba ce ta haɗu da ita a tashar mota kwanakin baya ta gaya mata zancen ritayar, ba ta kuma sanar da kowa ba. Idon Inna bai gane ta ba sai da ta durƙusa a gabanta ta yi magana.

"Inna, Maman Ɗan Lungu ce."

Inna ta lalubo kafaɗarta ta riƙe.

"'Yata, ki yafe mini. Na cuce ki. Kullum abin yana raina."

"Na yi fushi da ke, Inna, ba zan ɓoye ba. Na fi shekara ko sunanki ba na son ji. Na yi kuka kamar raina zai fita, kuma yadda na ce ba zan tashi ba, saura kaɗan hakan ta faru." Ta goge ido da gefen mayafi. "Allah bai sake ba ni haihuwa ba. Shi ke nan daga shi. Biyun farko ban san fuskarsu ba, in na so tuna su babu abin da zan kama. Shi kuwa na san nauyinsa. Na san ƙamshin tsakiyar kansa. In mata suka zauna suna hirar 'ya'ya, wannan ta ce nata kaza, waccan ta ce nata kaza, ni ma ina da abin faɗi. Nakan ce nawa da ƙafar hagu yake shuri, kuma ba ya son a taɓa masa kunne. Babansa ma yana da nasa labarin. Da kin bar ni a bencin nan, da yau ni matar da ta haihu sau uku ce ba ta taɓa riƙe ɗanta ba. Na daɗe ina son zuwa, kunya ce ta hana ni. Ni ce zan ce ki yafe mini."

Inna ta miƙa hannu. Sai ta jawo kan matar ta kwantar a cinyarta, tana shafa bayanta da karkatattun yatsun nan, hawaye na zuba a kan ɗankwalin. Da ƙyar ta iya cewa, "Alhamdu lillahi. Ashe ban yi ɓarna ba." Ta maimaita ya fi sau nawa, kamar mai son ta ji da kunnenta.

Inna, mun gode. Ke ce uwar marasa nauyi, ke ce kika ga waɗanda ke zaune a waje lokacin da kowa ke duban na ciki. Ba ki taɓa yi wa kowa alkawarin rai ba, domin ba a hannunki yake ba. Abin da ke hannunki kin bayar, kuma kin biya da kwanciyar hankalinki shekara da shekaru ba wanda ya sani. Mun gode a madadin waɗanda suka girma, da waɗanda ba su girma ba amma suka tafi sun san hannun uwa.

Ku kuma jama'a, Inna tana nan da ranta, tana gidan ɗanta, kuma ba ta ƙi baƙi ba. Agwagwar nan da zomon da dokin duk a kanta suke, yatsun ne kawai suka gaza, bakin kuwa yana nan da kaifinsa. Mai son koyo ta je tun da sauran lokaci, ta shirya jin "warware" har ta gaji. Wanda kuma ba shi da hannun saƙa, ai kowane wurin aiki yana da nasa mai zaman shiru da tsoro ya daskarar. Kada ku wuce shi don ba aikinku ba ne. Ku zauna kusa, ko da kuna tsoron a ce ku kuka ja.

Allah Ya ba ki lafiya, Inna, Ya sanyaya miki gaɓɓai, Ya sa ki gama da duniya lafiya. Ki sauke abin nan daga zuciyarki, ki yi barcinki. Ita da kanta ta zo ta faɗa a gaban mutane: ba ki cuce ta ba.